Sawun Yatsun Mu'allim Abadir

A ƙauyenmu na Nazlat Jummaiza a Masar, in ka ce "Mu'allim" ba ka ƙara suna ba, kowa ya san Abadir ɗan Fanus kake nufi, makahon da ya tsufa yana jan waƙa a cocinmu. A gefen bagade yake tsayawa, da 'yan faya-fayan tagulla biyu a hannu, ya ɗaga murya, masu hidima su amsa. Limamai sun zo sun tafi, an sake fenti, an ɗaura fanka, an kawo lasifika, shi yana nan a gurbinsa, har daɓen wurin ya lotsa daidai ƙafafunsa.

Ciwon ido ne ya ɗauke masa gani tun bai yi famfara ba. Ubansa manomin rake ne, ya duba ya ga yaron ba zai riƙe lauje ba, sai ya ɗora shi a jaki ya kai shi Asyut, makarantar mishan, inda ake da ajin makafi. A can wata doguwar Ba'amurkiya, Mis Harlan, ta koya masa abu uku: karatun ɗigo da yatsa, wanke bayan kunne da sabulu, da bugun tafireta. Da ta Turanci ta fara, sai da suka ƙware sannan ta ajiye musu ta Larabci. Takan tsaya a bayansu da rula, ba ta dukan kowa, sai dai in gwiwar hannunka ta sauka ka ji sanyin katako ya taɓa ta. Kowane yatsa tana ba shi gidansa, ya je aike ya dawo gida, ba ya leƙa na maƙwabci. Irin wannan koyarwa ta ƙare. Yanzu za ka ga babban akawu da digiri yana tsattsagar haruffa da yatsa biyu kamar kaza a kan tsaba.

Da ya dawo ƙauye, muryarsa ta buɗe, tsohon mai jan waƙa na lokacin, Mu'allim Sidhum, ya riƙe shi. Shi ma makaho ne. Baki da kunne ya koya masa, a inuwar bayan coci, yana buga masa lokaci a kan gwiwa. Waƙoƙin sujada na kowa ne, suna cikin littafi, duk cocin da ka shiga daga Aswan har bakin teku za ka ji su. Amma akwai waɗansu da ba a taɓa rubutawa ba, namu na ƙauyen nan, da irin Larabcin bakinmu: ta tasowar ruwan Nilu, ta kwana bakwai na jariri, ta girbin alkama, ta idin waliyyin cocin, da wasu masu yawa. Sidhum daga malaminsa ya karɓa, malamin daga nasa. Da Sidhum ya rasu, duka suka koma kan Abadir shi kaɗai.

Ya yi aure, matarsa Bahiyya ta riga shi tafiya. 'Yarsa Nargis, malamar lissafi a makarantar 'yan mata, ita ke zaune da shi, domin mijinta yana aiki a Kuwait, sai shekara ta zagayo yake leƙo gida.

Ranar idin waliyyi, coci cike, hayaƙin lubban ya rufe rufi, Abadir yana tsakiyar waƙar ranar. Ya gama baiti, ya ja numfashi, ya buɗe baki, sai ya tarar ba komai a ciki. Baitin da ke biye ya tafi, bai bar ko ƙura ba. Ya kaɗa tagullarsa da ƙarfi, ya tsallake zuwa amshi, jama'a suka amsa da murna. Ba wanda ya lura. Wannan ne ma ya fi tsorata shi. Wa zai lura? Duk cocin nan ba mai sanin akwai wani baiti a wurin.

Kowace yamma bayan la'asar yakan zauna a dakalin ƙofar Hajj Abdulmaujud su buga domino. Hajj mai shagon hoton takardu ne da bugun rubutu a kusa da gidan waya, mutum mai tumbi da dariya, abokinsa tun suna samari. Ran nan Abadir ya zauna, shayinsa ya huce bai taɓa ba.

"Yau kuma wa ya mutu?" in ji Hajj. "Ko an ƙara muku wani azumin ne? Rabin shekara kuna cin wake bai isa ba?"

"Sa ƙwayarka, ya Hajj, ka ƙyale ni."

"Na sa tun ɗazu. Kai da kake sanin abin da ke hannuna tun daga can, ɓarawon domino, yau ga ta a gabanka ba ka shafa ba."

Abadir ya gaya masa. Hajj ya daina dariya.

"To a kawo kaset mana, ka rera a ɗauka."

"Kaset zai ɗauki tarina da kukan jakin maƙwabta. Haƙoran nan sun zube. Yaro ya saurara bayan na mutu ya ce, me tsohon nan yake taunawa? Kalma nake so ta tsaya da ƙafarta."

"Nargis ta rubuta."

"Na gwada. Ina rerawa sai ta ce, tsaya Baba, maimaita. Da an tsayar da ni zaren ya tsinke. Da dai ina da tafireta."

"Tafireta! Sannu, mutumin zamanin sarki. Ina za ka samo mata zaren tawada?" Sai Hajj ya bugi cinyarsa. "Akwai wata tsohuwar kwamfuta a bayan shago. Sa'arka ce. Tana tari, tana jinkirin tashi, ba ta jin magana. Za ku shirya."

Hajj da kansa ya kawo ta a amalanke, ya girka a ɗakin Abadir. Ya shirya ta yadda da an kunna, shafin rubutu zai buɗe da kansa daidai inda aka tsaya. Abadir ya ɗora hannu a kan madannan, ya shafa, ya sami 'yan ƙuraje biyu da ke nuna mazaunin manuni, sauran yatsun suka zauna kamar jiya suka tashi. 'Yan haruffa sun sauya gida tun zamanin tafireta, ya tambaya, aka nuna masa, ya riƙe.

"Abu ɗaya za ka kiyaye," in ji Hajj. "Wannan baiwar Allah da Turanci take farkawa, kamar Mis ɗinka. Kafin ka fara, ka danne waɗannan biyun tare, nan ƙasa ta hagu, sai ta juya harshe zuwa Larabci. Kawo hannu. Wannan, da wannan. Ka ji su?"

"Na ji. Ba jaki kake koya wa ba."

Ya nuna masa kuma yadda ake adana rubutu kada ɗaukewar wuta ta cinye shi. Abadir ya buga baiti guda, Nargis ta karanta daga allo, ba kuskure ko ɗaya. Sai ya karkata kai.

"Mene ne wannan mai tsuwa, yana hura mini zafi a fuska?"

"Allon ne, Baba. A nan rubutun yake fitowa."

"In an kashe shi rubutun zai tsaya?"

"A'a," in ji Hajj, "yana shiga ciki abinsa."

"To me nake yi da shi? A kashe. Ba zan ƙona wuta don bango ya yi karatu ba."

Aka kashe, aka lulluɓe shi da tsohon mayafi saboda ƙura. Ya kuma kafa doka: ba mai duba aikinsa sai ya gama. Bai so a riƙa tsayawa a kansa ana cewa sannu.

Abin da ya faru washegari ƙarami ne ƙwarai. A tafiretar Mis Harlan, ƙasan layin ƙarshe ba komai sai dogon sandan ba da fili. Waɗannan madannai na kusurwa baƙi ne, ba yatsan da aka taɓa ba shi gida a can. Da Nargis ta tafi makaranta, Abadir ya kunna na'ura, ya jira ta gama tarinta, ya kai hannu kusurwa, sai yatsa ɗaya ya sauka a kan maƙwabcin madannin da aka nuna masa. Ya danna. Harshen bai juya ba. Da shi mai garaje ne, da wata rana hannunsa ya dace da na gaskiya. Amma ɗalibin Mis Harlan ne: inda yatsa ya sauka ran farko, nan ya sauka kowace safiya, ba ƙari ba ragi.

Tun ana yankan rake ya fara. Da ya karya da gurasa da zumar rake, sai ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Masu wucewa ta lungu suna jin ƙwas-ƙwas kamar ruwan sama a kan kwano, da muryarsa can ƙasa tana bin yatsun. Bai taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Ba mai tsayar da shi, ba mai cewa maimaita. Waƙa takan jawo 'yar'uwarta. Waɗanda bai rera ba tun da aka gina babbar madatsa ruwa ya daina tasowa, suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba da sallama. Wani lokaci yatsun kan riga bakinsa. In ya gama guda, ya adana, yakan ji kansa ya yi sauƙi, kamar wanda ya sauke tulu.

Sanyi ya wuce, aka yi babban azumi, aka yi Idin Tashin Almasihu, alkama ta yi fari aka girbe. Wata ranar Juma'a da hantsi ya sa jallabiyarsa ta zuwa coci, ya kira Nargis.

"Cire mayafin. Kunna abin naku. Na gama."

Ya ji tsuwar allon ta tashi, zafin ya taɓa masa kunci. Ya gyara zama yana jiran baitin farko. Abin da ya ji shi ne numfashin 'yarsa ya tsaya.

"Karanta mana."

"Baba..."

"Malamar makaranta ta manta karatu?"

"Tabarau nake nema."

"Yana goshinki. Na ji lokacin da kika tura shi sama. Faɗa mini."

Ya ji tana murza ɗan gargaren da ke saukar da shafi, tana murzawa, da sauri, da sauri, har ta kai ƙarshe.

"Ba Larabci a nan, Baba. Haruffan Turanci ne. Kuma ba Turanci ba ne. Ba kalma ko ɗaya. Baiti ɗaya ne kawai a sama, wanda ka buga ran da Kawu Hajj yana nan."

"Sauran fa?"

"Duka haka suke."

A waje mai sayar da kananzir yana kaɗa ƙararrawarsa. Abadir ya ce, "Kada Hajj ya ji wannan. In ya ji, har kabari zai bi ni da dariya." Sannan ya ce, "Ba komai. Wanda ya buga sau ɗaya zai sake bugawa."

Washegari Nargis ta juya harshen da hannunta kafin ta fita, ta buɗe masa sabon shafi. Waƙar farko ta zo lafiya. Ta biyu ma. A ta uku ya faɗa rami. Ya tsallake, ya kama wata, ita ma rabinta ya zo, rabi ya ƙi. Kafin azahar ya gane abin da ya same shi. Duk watannin nan, waƙar da ya sauke, kansa ya sake ta, domin ya yarda tana wurin ajiya. Ya zama kamar wanda ya kwashe kayan ɗakinsa kaf ya kai wani gida, aka ce masa gidan ya rufta, ya juyo ya tarar da ɗakin fayau. Abin da Sidhum ya ba shi, da abin da aka ba Sidhum, yanzu ba ya cikin kansa cikakke, ba ya ko'ina sai cikin wannan shirmen da ba mai iya karantawa.

Ya daina zuwa dakali. Aka aika wa Hajj cewa mura ce.

Wata yamma yana zaune a bakin gado, hannuwa a kan gwiwa, ya ce, "Nargis, karanta mini abin da ke wurin."

"Ba ya karantuwa, Baba."

"Harafi harafi. Ina so in ji da me na ɓata sanyin bana."

Ta ja kujera. "To. Ga wani layi: d, h, sai fili, v, f."

Bai san ya yi ba, sai ya ji yatsunsa sun motsa a kan gwiwa. Na tsakiya na hagu ya taɓa, manunin dama ya miƙa ciki, babban yatsa ya buga, manunin hagu ya sauka ƙasa ya dawo gida.

"Sake faɗa. A hankali."

"D."

Yatsan tsakiya na hagu. A tafiretar Turanci sunan gidan nan d. A ta Larabci kuwa, gidan dai shi ne, amma mai gidan ya'u ne.

"H."

"Alif," in ji Abadir.

"V. F."

"Ra. Ba." Ya ɗago kai. "Ya Rabb. Nargis, ya Rabb na rubuta! Ya Ubangiji! Ba su ɓata ba. Suna nan. Sawun yatsuna ne kike kallo!"

Nargis ta fashe da kuka, shi kuma yana ta buga gwiwa yana cewa ci gaba, ci gaba.

Haka suka kama. In ta dawo daga makaranta ta ci abinci, sai ta zauna gaban allo tana kiran haruffa, shi yana bin su da yatsu a kan gwiwa yana faɗin na Larabci, ita tana rubutawa a takarda. Har waƙafi da aya da baka-biyu sai ta kira, domin su ma gidajen haruffa ne. In ta tsallake guda, kalma ta karye, a koma baya. Yamma guda takan ba su baiti biyu, in an yi sa'a uku. Muryarta ta dishe, ga jarrabawar 'yan mata ta ƙarato. Malamar lissafi ce, ta auna abin da suka yi da abin da ya rage, ta yi shiru da bakinta. Bai tambaye ta ba. Shi ma ya auna, ya san kwanakin da suka rage masa ba za su kai ba.

Suna cikin haka wata yamma aka banko ƙofar gida ba sallama.

"Ina gawar? An ce ka mutu an binne ba a gaya mini ba! Wace irin mura ce wannan, ta giwa?"

Hajj ne, da akwatin domino a hammata da tulun ruwan rake a hannu. Nargis ta miƙe za ta tare shi, amma ya riga ya shigo ɗaki, ya riga ya ga allo. Ya matsa kusa. Ya murza gargaren. Ya sake murzawa. Sai wani sauti ya fara fita daga tumbinsa, ya hau, ya hau, har ya zube a kan gado yana tari yana share hawaye.

"Yi ka gama," in ji Abadir. "Ina jira."

"Wannan ne? Wannan ne ya hana ka fita? Ya Mu'allim, ya sarkin girman kai! Don wannan ka sa yarinyar nan tana kiran haruffa kamar 'yar aji ɗaya?"

"Kawu Hajj, ba abin dariya ba ne," in ji Nargis. "Aikin wata da watanni ne."

"Na sani, 'yata, shi ne ma abin dariyar. Kullum ta Allah sai an yi wannan a shagona. Ɗalibai, akawun kotu, ni kaina. Mutum ya sunkuyar da kai yana ta bugawa, ya ɗago ya ga ya rubuta yaren aljanu. Ke in ya same ki me kike yi?"

"In goge layin in sake."

"Haka kowa ke yi, don layi ɗaya ne ko biyu. Amma littafi guda! Wallahi a duk faɗin Masar ubanki ne ya zo na ɗaya. Ku jira ni. Kada wanda ya taɓa komai."

Ya fita da gudun da ba a san yana da shi ba. Ya dawo yana haki, da wani ɗan abu kamar guntun alli a tafin hannu, ya soka a jikin na'urar. Akwai wata 'yar manhaja, in ji shi, aikinta ke nan ba ta da wani. Ya fara kwafe rubutun ya ajiye gefe, don ko da tsautsayi. Abadir yana jin ƙwas, ƙwas, da numfashin Hajj mai ƙamshin ruwan rake.

"To, Mu'allim, kawo yatsanka. Kai ka ɓata, kai za ka gyara."

Ya kama masa manuni ya ɗora a kan wani madanni a layin sama.

"Danna."

Ya danna. Ƙwas, shi ke nan abin da ya ji. Ko tari na'urar ba ta yi ba.

"Ya Maryamu!" Kujerar Nargis ta faɗi. "Baba! Baba, sun juya! Duka sun koma dama, sun kama hannun juna! Ga ta idin waliyyi, ga ta jariri, ga... Baba, Larabci ne, har ƙasa, har ƙarshe!"

Ta fara karantawa, baiti na bin baiti a guje, waɗanda suka sha wahalar tonowa da waɗanda ba su kai gare su ba. Abadir bai ɗauke yatsansa daga madannin ba.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan," in ji Hajj.

"Duka? Tun daga yankan rake?"

"Duka."

"Yaushe ta karanta su? Ta san waƙoƙin ne?"

"Ba ta san komai ba, jahila ce kamar ni. Gidan kowane harafi kawai ta sani, nan da can. Abin da yatsunka suke yi a kan gwiwa, shi ta yi."

"Kafin in ɗaga yatsa."

"Kafin ka ɗaga yatsa."

Abadir ya janye hannunsa a hankali, kamar daga kan wani abu mai tsarki. "Wa ya yi ta?"

"Wa ya sani? Wani bawan Allah a wata ƙasa. Watakila abin ya same shi ya ji haushi. An ce Rashawa suna da tasu, Girkawa da tasu, Farisawa haka. Duk mutanen da suke da harshe biyu a kan madannai ɗaya, wannan ciwon nasu ne."

Abadir ya juya maganar a ransa. Duk kwanakin nan yana ɗauka wautarsa ce shi kaɗai, ta makaho mai taurin kai a lungun Nazlat Jummaiza. Ashe duniya cike take da masu sunkuyar da kai suna magana da harshen uwarsu, na'ura tana rubuta musu wani. Ashe kuma wani mutum da bai san sunansa ba, wanda bai taɓa jin akwai Sidhum ba, ya zauna a ɗakinsa ya tanadi magani ya ajiye, tun kafin shi ya yi kuskuren. Ya ɗaga hannu ya yi alamar gicciye.

"Allah ya ji ƙan iyayensa," ya ce, "ko su waye."

"Amin," in ji Hajj. "Ni da na yi gudu fa?"

"Kai tumbinka ya amfana. Karɓi karatun, muryar yarinyar nan ta ƙare."

Hajj ya ja kujera, ya gyara tabarau, ya shiga karantawa da muryar mai karanta takardar kotu. Abadir yana gyaɗa kai, wani wuri ya riga shi, wani wuri ya ce, a'a, ashe haka ne, yana murmushi kamar wanda ya gamu da ɗan'uwa a kasuwa. Can sai Hajj ya karanto:

"Mai jirgi, sassauta tuƙi,
wanda ka ɗauko ba ya sauri.
Ya bar gaɓar da ake shuka,
za shi gaɓar da ake jira.
Ruwa, kai ka wanke shi yana jariri,
kada ka tambaye shi suna."

Murmushin ya ɗauke. "Wannan ta wace ce?"

"Taka mana. Ni na rubuta?"

"Sake karantawa."

Ya sake. Abadir ya saurara kamar baƙo. Bai tuna ya buga ta ba. Bai tuna ya taɓa saninta ba. Sai a hankali abin da ke kewaye da ita ya fara dawowa. Makabartarmu tana hayin gabas, a gindin dutse, kuma kafin a gina gada da jirgin ruwa ake haye da mamaci. In an kai tsakiyar kogi mai jan waƙa yakan tashi tsaye ya rera. Ya tuna girgizar jirgin, da hannun Sidhum a kafaɗarsa, da ƙamshin jiƙaƙƙen katako. Amma muryar waƙar, inda take hawa da inda take sauka, babu. Ya nema ta ko'ina a cikin kansa, babu.

"Kalmomin sun dawo," ya ce a hankali. "Karin ya tafi. Wannan kam abin naku ba zai iya juyo shi ba."

Nargis ta ɗora hannu a bayansa.

Hajj ya yi gyaran murya. "Ubana yana da jirgi, ka manta? Mamatanmu da naku duk shi ke haye da su. Ni ne mai kwarfe ruwa a ciki ina yaro. Na sha jin wannan." Ya sake gyaran murya, ya rufe ido, ya fara rerawa da wata irin murya kamar ana jan tebur a kan siminti.

Abadir ya yamutsa fuska. Ya daure layi ɗaya. A na biyu ya kasa.

"Tsaya! Tsaya, don Allah. Waƙa ce wannan ko kiran akuya?"

"Haka nake tunawa!"

"Ina ka taɓa jin an hau a nan? Mamaci aka ɗauko, ba amarya ba. Sauka ake yi. Ka ja 'sauri' ɗin nan, ka ja shi, har filafili ya shiga ruwa ya fito, sannan ka sake shi. Haka..."

Ya buɗe baki don ya nuna masa, sai waƙar ta fito. Ta fito da ƙasa-ƙasa, a hankali, tana lilo kamar jirgi a tsakiyar kogi, tsohuwar muryar tana karyewa tana sake haɗuwa. Ya wuce layin da ya so gyarawa, ya shiga na gaba. Hajj yana karanto masa farkon kowane baiti daga allo da raɗa, shi yana ɗauka yana kai shi gaɓa. A lungu wata mata mai ɗauke da tulu ta tsaya a gindin taga, ba ta tafi ba sai da ya kai ƙarshe.

Abadir ya zauna, hannuwa a kan gwiwa. Hajj ya cire tabarau yana goge shi da hannun riga, ya daɗe yana gogewa.

"Nargis," in ji Abadir, "gobe ki aika wa masu hidima, manya da ƙanana. Bayan la'asar su zo nan, kowa a buga masa takardarsa. Da wannan za mu fara, tun tana kusa." Ya juya wajen abokinsa. "Kai kuma, ya Hajj, kada ka ƙara rera waƙa a gidana. Karanta ta gaba."